Yadda Kabo Ya Samu Uwar Maƙera

In ka je Kusada ranar kasuwa ka zauna wurin masu fura, ba za ka tashi ba sai wani ya ba ka labarin Kabo maƙerin Kunduru, wanda ya ƙera jirgin sama da gangar kananzir. Za a ce maka da hantsi ya tashi daga bayan gidansu, ya bi ta kan Rimaye yana ɗaga wa mutane hannu, ya sauka Kankiya ya sayi goro, ya komo kafin azahar. Akwai wani tsoho a Yashe da ke rantsuwa a kan idonshi aka yi, har inuwar jirgin ta firgita mashi jaki. Wata mata kuma ta ce tun ranar kajinta suka daina ƙwai.

To, ni ne Rabe, ɗan goggon Kabo, kuma ina shaida maku Kabo bai taɓa rabuwa da ƙasa fiye da tsayin jaki ba. Ko rumbu aka ce ya hau, sai ya tuna ƙafarshi na ciwo. Gangar gaskiya ce, akwai kuma fanka a jikinta, ita ma gaskiya ce. Sauran kuwa, rabi ni na ƙara, rabi kasuwa ta ƙara da kanta.

Uwata da Kawu Dawuda, uban Kabo, ciki ɗaya suke. Ke nan ni da Kabo taubasai ne: abin da na faɗa mashi ba ya kai ƙara, abin da ya ɗauka nawa ba na kai ƙara. Ina kiranshi bawana, shi ma yana kirana bawanshi, har yau dattawa ba su raba mana wannan gardama ba. Mutum ne baƙi, mai faɗin kafaɗa, da kunnuwa kamar faifai biyu. Magana kuwa, in ya yi uku a yini, mutanen gida sai su tambaya ko lafiya.

Tun yana ƙarami hannunshi ba ya zama. A ce ya zuga wuta, sai a waiga a gan shi yana lanƙwasa wata waya. Ya taɓa ƙera tarkon gafiya, tarkon ya bar gafiya ya kama zakaran ladan. Ya ƙera wa uwata kwaɗon ɗaki mai ƙarfin gaske, wanda ɓarawo bai iya buɗewa, uwata ba ta iya ba, shi Kabo ma bai iya ba, sai da aka cire ƙyauren gaba ɗaya.

A gidan Kawu, mutum ba ya zama maƙeri don ya iya riƙe masaba. Sai ranar da aka ba shi uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake bugun aiki a kai, sannan ya kafa rumfarshi, manoma su riƙa kawo mashi aiki da sunanshi. Kawu yana da guda biyu: wadda yake aiki da ita, da ta kakanmu, wadda ke kwance ƙarƙashin gadonshi naɗe cikin buzu. Kowa ya san ta Kabo ce in lokaci ya yi. Amma Kabo ya shekara talatin da ɗoriya, da mata da 'ya'ya uku, yana nan bakin zuga-zugi, lokaci bai yi ba.

"Wanda ba shi iya bugun hauya goma iri ɗaya," in ji Kawu, "ba ni ba shi gadon ubana shi yi wasan yara."

A damanar 1955 Kawu ya gaji da jira. Ya faɗa gaban kowa cewa in an gama kakar gyaɗa, Manu, ɗan ƙanenshi da ke ƙira a Yashe, zai zo ya ɗauki uwar maƙerar. Manu mutum ne da in ya buga hauya ɗari ba ka rarrabe ta farko da ta ƙarshe. Kabo ya ji, ranar bai taɓa tuwo ba.

Yanzu bari in shigo da kaina, don ba ni son a yi tarihi babu ni. Na yi elemantare a Kankiya shekara uku, ko in ce biyu da rabi, don rabin ta ukun a gindin tsamiyar bayan makaranta na yi shi. Malaminmu, Malam Sabi'u, yana da wata al'ada: in watan Disamba ya kama, wanda shi ne na ƙarshe a shekarar Turawa, sai ya rufe littafin lissafi ya ba mu labarin abubuwan da aka taɓa yi a watan. Ya ce a Disamba na 1903 wasu wa da ƙane, masu gyaran keke a ƙasar Amirka, suka fara tashi sama da jirgi mai inji, ko da yake tashin farko bai fi tsawon kurkurar baki ba. A Disamba aka fara aika saƙo ba waya ya ƙetare teku. A Disamba kuma wasu suka taka ƙarshen duniya ta kudu, inda ba komai sai ƙanƙara. A ganina sun duba ne suka ga ba ko kasuwa, suka komo. Lissafi ya bi ta kunnena ya wuce, amma waɗannan uku sun zauna daram, kuma na huɗun da za ku ji ni na ƙara shi da hannuna.

Duk shekara in watan ya kama, sai in je maƙera in zauna a kan kututture in karanto wa Kabo su, don dai in sosa mashi rai.

"Bawa, masu gyaran keke sun tashi sama, kai kana nan kana hura gawayi."

Kullum ba ya tankawa. Amma a wannan shekarar sai ya saki zuga-zugi ya dube ni.

"Mi ke tura jirgin?"

"Fanka."

"Mi ke juya fankar?"

"Inji, da kaca irin ta keke. Malam ya nuna mana hoto."

Kabo ya juya ya dubi kekena da ke jingine jikin zana. Ya daɗe yana dubanshi. Da ina da hankali, a nan zan hau in gudu.

Abin da ke ranshi ba sama ba ne, gyaɗa ce. An yi gyaɗa a shekarar har rumbuna suka ƙi ɗauka, kuma masu saye a sikeli sun fara tsiya: ƙwaya sukutum suke so, wadda turmi ya farfasa sai su yatsine fuska. Malamin gona ya taɓa kawo wani injin ɓarar gyaɗa na Turai Kankiya don a gani. Kabo ya tsaya kanshi tun hantsi har la'asar, hannu a baya, bai taɓa ba. Ya lura injin yana ɓarewa, amma ƙwaya da ɓawo tare suke zubowa, sai mata sun sake sheƙewa da faifai. Shi kuwa so yake a ɓare a sheƙe a tashi ɗaya.

Ya samo gangar kananzir wurin wani direba a Yashe da ya yi wa gyara, ya raba ta biyu, ya huda cikinta kamar rariya. Ya ƙera wani ƙarfe mai dasassun haƙora da doguwar ƙota, wanda in an kai an komo da shi zai murza gyaɗar a jikin rariyar. Ya yanka garwa ya yi fanka mai fiffike huɗu, ya kafa ta ƙarƙashi. Ni kuwa na tashi wata safiya na tarar da kekena kamar akuyar da aka feɗe: ba kaca, ba feda.

"Kabo, ina kacata?"

"Tana aiki."

"Da mi zan tahi kasuwa?"

"Bawa da keke? Allah ya ba ka ƙahwa biyu."

Ranar Alhamis bayan la'asar aka fito da injin gaban rumfar Kawu. Unguwa duk ta hallara, har liman. Kawu ya zauna a kan buzunshi yana shafa gemu. Kabo ya zuba gyaɗa mudu uku, ya kama ƙota, ni kuma aka ba ni feda in juya da hannu, tunda dai tawa ce.

Fankar ta yi aiki, wannan ba mai musu. Iskar da ta fito ta ɗauke hular liman ta kai ta gonar rogo. Ɓawo ya tashi kamar fāra, ya cika gemun Kawu, ya shiga hancin kowa. Kaji suka watse, awaki suka tsinke igiya. Wani mai gishiri daga Kusada da ke wucewa ya tsaya baki buɗe ya tambaye ni mene ne wannan, ni kuwa ina juyi ina haki na ce mashi jirgi ne, ya ja baya, yanzu zai tashi. Bai jira ya gani ba. Daga nan labarin can ya samo ƙafa.

Da ƙura ta lafa, Kabo ya jawo ƙwaryar da aka tara ƙarƙashi. Tsaki ne zalla. Ƙwaya ɗaya mai rai babu, turmi ma ya fi shi tausayi.

Kawu ya ɗauki lokaci yana tsince ɓawo daga gemunshi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya leƙa ƙwaryar.

"Madalla. Matarka ta huta daka, ga ta ƙuli." Ya miƙe ya karkaɗe buzu. "Manu shina zuwa ran Lahadi."

A rayuwata ranar ce kaɗai na rasa tsiyar da zan yi wa Kabo. Na taya shi muka ɗauki injin muka shigar cikin gida, inda ba idon jama'a.

Juma'a duk a kanshi muka ƙare, in ban da masallaci. Kabo ya ɗaga ƙarfen sama kaɗan, gyaɗa ta ƙi ɓaruwa. Ya sauke shi, ta koma tsaki. Ya goge haƙoran da magagari, ya naɗe su da fata, ya kwance, ya ɗaura. Ya ce in juya a hankali, ya ce in juya da sauri. Hannuna ya kumbura ya kai cinyar bijimi. Kwando bayan kwando muna kwasowa daga rumbunshi muna mayarwa tsaki.

Duk abin nan matarshi Ma'u tana zaune a inuwar ɗaki tana kaɗi, in ƙwarya ta cika ta tashi ta juye ta maido. Ranar Asabar da hantsi, saura kwana ɗaya, sai ta tsayar da mazari.

"Maigida, in yi tambaya?"

"Uhm."

"Yaushe aka yayyafa mata?"

"Wa?"

"Gyaɗar."

"Yayyafa mi?"

Ma'u ta dube shi, ta dube ni, ta ja bakin zane ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

"Ruwa mana. Wagga da ta sha rana wata guda, ko da yatsa ka matsa ta sai ta tsage. Mu in za mu sa ta turmi sai mun yayyafa mata ruwa, mu ruhe da buhu ta huce. Ɓawon shi saki, ƙwayar ta daina taurin kai. Ko Haulatu ta san wanga."

Haulatu ita ce ƙaramar 'yarsu, haƙoranta na gaba ma ba su gama fitowa ba.

Na ce, "Ke Ma'u, kina kallo muna ta fama tun shekaranjiya, ba ki hwaɗa ba?"

"An tambaye ni? Na ga maza biyu da ƙarhe, ɗaya har ya yi boko. Na ce ko Turawa sun hana ruwa."

"Hannuna fa ya kusa cirewa."

"Sannu. Ni dai na samu man gyaɗa tulu guda, ban taɓa taɓarya ba. Da ba don na ji zancen Lahadi ba, da na bar ku har Sallah."

Ku duba wannan al'amari. Mu ke shuka gyaɗa, mu nome ta, mu cire, mu shanya, mu kai sikeli mu yi ciniki kamar mu muka halicce ta. Amma ɗan abin da ke faruwa tsakanin turmi da faifai, babu namiji ɗaya a Kunduru da ya taɓa tsayawa ya duba. Muna jin luguden daga zaure, mu ce mata na aiki, mu ci gaba da hira.

Kabo ya zabura ya rungumo tulu. Ma'u ta tare shi.

"Ba wanka za ka yi mata ba."

Ta ɗebo ruwa a ƙoƙo, ta tsoma yatsu tana yarfawa tana juya gyaɗar da ɗaya hannun, ta rufe da buhu, ta ce kada wanda ya taɓa sai inuwa ta kai bakin rijiya. Muka zauna muna gadin buhu kamar masu jinya. Da la'asar Kabo ya zuba, ya kama ƙota, na kama feda. Sai muka ji wani sauti a cikin ƙwarya kamar yayyafin farko a kan busasshen kara. Ƙwaya ce, jajaye, sukutum, suna gangarowa suna karo da juna, ɓawo kuma yana can yana bin iska. Kabo ya tsoma hannu biyu ya ɗebo, ya tsaya yana kallo. Kunnuwan nan nashi har motsi suke.

Ranar Lahadi Manu ya iso da hantsi, da jaki da mangala sabuwa. Kawu ya sa aka fito da uwar maƙerar kakanmu, aka kwance buzun, aka aje ta gaban rumfa. Kabo ya zo ya durƙusa.

"Baba, a ƙara dubawa sau ɗaya."

Kawu ya dubi injin da muka fito da shi. Sai ya jawo bakin rawaninshi ya naɗe gemu tsaf, ya ce, "Bismilla." Liman ya cire hula ya zauna a kanta.

Gyaɗar tun asuba Ma'u ta yayyafa mata. Muka kai muka komo, ƙwarya ta cika ta yi tozo. Kawu ya ɗebi tafi guda ya murza, ya watsa a faifai, ya tona da yatsa yana neman fasasshiya. Ya samu biyu, ya cinye su. Daga nan sai ya bar gyaɗar ya durƙusa da gwiwoyinshi na tsufa, ya leƙa cikin gangar, ya bi hudojin rariyar da babban yatsa, layi bayan layi. Hudojin nan sun kai dubu, Kabo ya ce ɗari huɗu ne, amma ni na fi shi karatu. Babu wadda ta fi wata ko da ƙwayar gero.

"Wa ya huda?"

"Ni, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Kawu ya miƙe yana dafa gangar. "Ran Alhamis ta yi tsaki, yau ba ta yi ba. Mi ka sake?"

Ina ta ƙyafta wa Kabo ido ya ce wani sirri ne na ƙira. Ina, mutumin nan bai iya ƙarya ba, shi ya sa ban ga ranar da zai yi suna ba in ba ni.

"Ban sake komi ba. Ma'u ta ce a yayyafa ruwa."

Kawu ya tsaya. Sai dariya ta kama shi, har rawanin ya zame, har haƙorinshi guda da ya rage ya fito ya gaida jama'a.

"Uwarka ma haka take yi," ya ce yana share ido. "Shekara arba'in ina wucewa ta gabanta." Ya juya wurin Manu. "Manu, jakinka shina da ƙarhi?"

"Shina da, Baba."

"To, ɗora mashi."

Aka ɗora. Kabo ya sunkuyar da kai. Manu ya kama igiya ya fuskanci hanyar Yashe.

"Ba can ba," in ji Kawu. "Gindin gawon can. Nan Kabo za shi kahwa rumhwa."

Daga inda muke zuwa gawon taki ashirin ne. Manu ya dubi gawon, ya dubi doguwar hanyar da ya taso tun asuba, ya dubi jakin. Allah ya yi shi da sanyin hali, sai shi ma ya yi dariya, ya ce ya yarda, amma inji na biyu nashi ne, kuma a ba jakin harawa. Daga cikin gida guɗa ta tashi, don ashe matan duk suna bayan zana suna leƙe. Ma'u ta fito da ƙulin da ta toya daga ɓarnarmu ta kwana uku, unguwa duk ta ci, har aka ƙulla wa Manu a mangala don kada ta koma wofi. Liman ya yi addu'a hula a hannu, don bai gama yarda da fankar ba.

Shekara uku ke nan. Kabo ya ƙera inji ɗari, ko da yake shi yana cewa sha ɗaya. Akwai a Rimaye, akwai a Kusada, akwai biyu a Kankiya. Duk wanda ya zo ɗauka, Kabo ba ya yi mashi dogon bayani. Yana taya shi ɗorawa a jaki, ya ce, "Ka tambayi mai ɗakinka zancen ruwa," shi ke nan. Kawu ya rage aiki, yakan jawo buzunshi gindin gawo ya zauna yana gyara wa Kabo riƙon masaba, Kabo yana cewa to.

Shekaranjiya na gama rubuta wannan a littafin makaranta, na tafi rumfarshi na zauna na karanta mashi tun daga farko, da murya irin ta mai shela. Yana bugun lauje, bai ɗaga kai ba, sai dai in na kai wurin ƙarya ya ƙara ƙarfin bugu, har na ji tsoron laujen. Da na kai ƙarshe na rufe littafin na ce:

"Bawa, ka yi godiya. Ƙarhe shina tsatsa, takarda ba ta yi. Wanga littahi shi ne zai riƙe ka in ka tsuhwa."

Kabo ya tsoma laujen a ruwa, ya jira ya gama kuka. Ya miƙo hannu ya karɓi littafin, ya auna nauyinshi a tafi, ya maido mani.

"Zuba shi a inji, Rabe. Amma kada ka wahala ka tara ƙwarya. Fanka za ta kwashe duka."